Saƙon da dole ya fita: masu aikin ceto da intanet ɗin tauraron ɗan'adam

Ranar 20 ga Satumban 2017 guguwar Maria ta afka wa tsibirin Puerto Rico. Da hukumar sadarwa ta Amurka ta ƙirga turakun wayar salula na tsibirin bayan wucewarta, sai ta tarar kimanin kashi 95 cikin 100 sun daina aiki. Wasu iska ce ta karya su, wasu suna nan tsaye lafiya lau amma babu wuta, wasu kuma igiyar da ke haɗa su da cibiya ce ta tsinke. Mutanen da suka fi kowa bukatar a ji muryarsu su ne suka yi tsit, waɗanda suka zo nemansu kuwa suka samu kansu cikin irin wannan halin: ga waya a hannu, babu wanda za a kira.

Haka bala'i ya saba, hanyar neman taimako yake fara cinyewa. Akwai kuma wani rukunin masu ceto da ba sa ma jiran bala'i ya raba su da sabis, wato masu neman wanda ya ɓata a tsauni ko a ƙurmin daji ko a hamada, inda tun fil azal ba a taɓa kafa turke ba. Duka biyun sama suke ɗaga kai, wurin taurarin ɗan'adam.

Tun da Starlink Mini, ƙaramar na'urar intanet ɗin tauraron ɗan'adam ta kamfanin SpaceX, ta fito a 2024, hirar ta koma kan sauri. Faranti ne da bai fi girman kwamfutar tafi-da-gidanka ba, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai, yana shiga jakar goyo, kuma yana iya sauke sama da megabit 100 a daƙiƙa. Duk wanda ya taɓa zama yana jiran hoto ɗaya ya tafi ta tsohuwar na'ura ba zai raina wannan ba, ni ma ban raina ba. Sai dai ina ganin tawagar da ta fara da tambayar wace na'ura ce ta fi sauri ta fara ne daga wutsiya. Tambayar farko ita ce: a wuri mafi muni da mutanenmu za su iya shiga, a sa'a mafi muni, da batir saura ƙiris, wane saƙo ne dole ya fita, kuma me zai fitar da shi? Amsar wannan tambaya sau da yawa takan faɗa ne kan na'urar da ta fi kowacce jan jiki.

Kafin a gane dalili, sai an san inda taurarin suke. Akwai waɗanda aka ajiye a tsayin kilomita 35,786 daidai saman layin da ya raba duniya biyu. A wannan tsayin, tauraro yana kammala zagayensa daidai da juyawar duniya, don haka ga wanda ke ƙasa kamar a kafe yake wuri guda. Uku ko huɗu sun isa su lulluɓe yawancin duniya. Nan Inmarsat take, wadda aka kafa a 1979 domin tsaron rayukan masu tafiya a teku, kamfanin Viasat kuma ya saye ta a 2023. Nan ma Thuraya ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa take, wadda hidimarta ba ta kai nahiyoyin Amurka ba. Nisan yana da nasa haraji. Tambaya ta hau ta sauko, amsa ta hau ta sauko, tafiyar kusan kilomita dubu 143 ke nan, ko da gudun haske kuwa sai ta ci kusan rabin daƙiƙa. Shi ya sa masu magana ta irin wannan layi suke yawan taka wa juna magana, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya gama.

Hidimar Inmarsat da masu agaji suka fi sani ita ce BGAN, wadda ta fara aiki a 2005. Saurinta bai wuce kilobit 492 a daƙiƙa ba a tsarinta na yau da kullum. Kafa ta wani ɗan aiki ne na hannu da kunne. Mutum zai ajiye ta a kan dutse ko kan mota, ya duba kamfas ya fuskantar da ita inda tauraron yake, ya ɗaga goshinta zuwa kusurwar da ta dace, sannan ya riƙa juya ta a hankali yana sauraron ƙarar da take yi. Ƙarar tana ƙara kaifi yayin da ake matsowa daidai, tana dusashewa idan an zarce. Da ya samu inda ta fi ƙarfi sai ya cire hannu, ya gargaɗi kowa kada ya gitta ta gabanta. Daga nan an gama. Tauraron ba ya zuwa ko'ina, layin zai zauna muddin ba a ture na'urar ba. Amma abin da ya zama alherinta shi ne kuma aibinta. Idan tsauni ya tsaya tsakaninka da wannan wuri guda na sama, ko ka kwana kana jira tauraron ba zai leƙo ba, kai ne za ka ɗauki kayanka ka hau. Kuma duk yadda aka ƙara nisa zuwa ƙuryar arewa ko ta kudu, tauraron yana ƙara sunkuyawa zuwa gefen ƙasa har ya ɓace.

Ɗaya tsarin shi ne na taurarin da ke kusa, masu gudu. Iridium tana da 66 da ke aiki a tsayin kimanin kilomita 780, suna bi ta saman ƙuryoyin duniya biyu, kowane yana kammala zagaye cikin minti 100 ko kusa da haka. Suna miƙa wa juna saƙo a can sama, shi ya sa hidimarta ta game duniya baki ɗaya, har tsakiyar teku da kan ƙanƙarar kudu. An sabunta rukunin gaba ɗaya tsakanin 2017 da 2019. Ga mai ceto, muhimmin abu a nan shi ne tauraron ne ke zuwa wurinka. Wanda ke cikin kwazazzabo, yana ganin ɗan siririn sarari kawai a samansa, yana iya rasa layi yanzu, bayan wasu mintuna wani tauraron ya ratsa ta wannan tsagar. Kiran murya zai yanke, amma gajeren saƙo na rubutu zai jira a cikin na'ura, ta yi ta gwadawa, da zarar ƙofa ta buɗe na 'yan daƙiƙu sai ya sulale. Da wannan dabarar ƙananan na'urori irin inReach na Garmin suke aiki, wadda ƙaramar cikinsu nauyinta giram 100 ne, ana rataya ta a madaurin jaka a manta da ita.

Starlink ta fi su kusa, yawancin taurarinta ba su wuce tsayin kilomita 550 ba, kuma dubbai ne. Jinkirinta ƙalilan ne, ana yin kiran bidiyo da ita kamar ana cikin gari. Farantin ba ya juyawa yana bin tauraro. Ɗaruruwan ƙananan eriya ne a jere a cikinsa, su ke karkatar da siginar ta hanyar lantarki, suna sakin wannan tauraro suna kama wancan. Domin haka take bukatar fili mai faɗi a sama, kusurwa kimanin digiri 110 babu abin da ya tare. Reshen bishiya guda da ya shigo wannan fili yana iya sa layin ya riƙa yankewa duk bayan 'yan mintuna. Akwai kuma OneWeb, wadda ta haɗe da Eutelsat a 2023, a tsayin kilomita 1,200, sai dai na'urorinta sun fi dacewa da mota ko sansani, ba bayan mai tafiya a ƙafa ba.

Bambanci na biyu, wanda ba a cika kula da shi a takardun talla ba, shi ne zangon da siginar ke tafiya a kai. Iridium da BGAN da Thuraya suna amfani da zangon L, wajen megahaz 1,600. Hanya ce matsattsa, ba ta ɗaukar kaya da yawa, amma ruwan sama da gajimare ba su dame ta ba. Starlink tana magana da farantinta ne a zangon Ku, sama da megahaz 10,000, inda hanya ke da faɗi, amma ɗigon ruwa yana shanye siginar. Yayyafi ba komai ba ne, ruwa kamar da bakin ƙwarya ne ke rage mata ƙarfi, wani lokaci ya yanke ta na ɗan lokaci. To yaushe ake kiran masu ceto? Ba a cika kiransu ranar da gari ya yi wasai ba. Ambaliya, zaftarewar ƙasa, kifewar jirgin ruwa, ɓatan mahayin tsauni, akasarinsu cikin mummunan yanayi suke faruwa.

Kada a ɗauka ina rage wa faffaɗar hanya daraja. A ɗauki hoto guda mai nauyin megabayit 5, irin wanda kowace waya ke ɗauka. Tsohuwar na'urar Iridium GO!, mai kilobit 2.4 a daƙiƙa, sai ta shafe sama da awa huɗu da rabi kafin ta tura shi. Sabuwarta ta 2023, wadda ke turawa da kilobit 22, rabin awa. BGAN minti biyu ko ƙasa da haka idan layi ya yi kyau. Starlink 'yan daƙiƙu. Gani ya kori ji: hoton ginin da ya rufta, idan ya isa hannun injiniyan da ke nesa, zai iya cewa wannan bangon kada a taɓa shi, ta can za a shiga. Likita yana iya kallon rauni ta bidiyo ya faɗa wa ma'aikacin jinya abin yi. Hotunan da jirgi mara matuƙi ya ɗauko, musamman na kyamarar da ke ganin ɗumin jiki, ana iya tura su ga mutane goma da ke zaune a wani gari su duba su ɗaya bayan ɗaya suna neman alamar mutum, maimakon gajiyayyen mutum guda ya yi ta zura ido a ƙaramin allo cikin dare. A babban bala'i irin girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, inda tawagogi daga ƙasashe da dama suka taru, rabon unguwanni da rahoton wane gini aka bincika, wane ya rage, duk ta intanet ake daidaita su a ƙarƙashin INSARAG, tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na haɗa kan tawagogin bincike da ceto. Wannan aiki ne na faffaɗar hanya, kuma wurinsa sansani ne.

Amma a duba saƙon da rai ya rataya a kansa. Ga kamanninsa: "Mun same shi. Yana numfashi, ƙafar dama ta karye, jikinsa ya yi sanyi. Muna bukatar mutum shida da gadon ɗauka." Sai lambobin wurin. Duka wannan bai cika haruffa 160 ba. Zanen hanyar da tawaga ta bi tun safe, wanda shugaban bincike ke bukata don ya san inda aka taka da inda ba a taka ba, 'yan kilobayit ne. Taswira kuwa ba a jira sai an isa daji a sauke ta. Manhajojin da masu bincike ke amfani da su, irin CalTopo da ATAK, suna ba da damar a ajiye ta a cikin waya tun daga gida. Idan aka tace aikin, abin da ba ya jira ɗan kaɗan ne. Matsalarsa guda: daga wurin da aka samu mutumin zai fito, kuma mutane ba sa faɗuwa a fili mai kyau.

Mu ɗauka mutum huɗu ne suka gangara wani kwari mai zurfi da magariba, bangon dutse hagu da dama, bishiyoyi sun rufe sama. Sun samu wanda suke nema a gefen rafi. Ɗaya ya durƙusa yana duba shi, ɗaya ya danna oba-oba: "Sansani, sansani, kuna ji na?" Babu amsa sai shuuu, domin tsaunin ya tare. Da a ce Starlink ce kaɗai a jakarsu, sai an zaɓi mutum guda ya ɗauki faranti da batir ya koma sama neman fili, tafiyar da za ta iya cin awa guda cikin duhu, shi kaɗai, a bar uku da majinyaci. BGAN ma haka, idan tauraronta yana bayan dutsen. Ƙaramar na'urar da ke rataye a kafaɗa ita ce za a rubuta wa layi biyu, a ɗora ta a kan dutse mafi buɗewa da ke kusa, a koma kan majinyaci. Wataƙila minti uku, wataƙila ashirin, sai a ji ta yi ƙara alamar saƙo ya tafi. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai maganar wuta, wadda a ganina ita ce ainihin iyakar kowace na'ura. Starlink Mini tana cin wat 25 zuwa 40. A ɗauki 30 a matsayin tsaka-tsaki: yini da kwana guda wat-awa 720 ke nan. Batirin da dokar jiragen sama ta yarda fasinja ya shiga da shi ba tare da neman izini ba iyakarsa wat-awa 100, da izinin kamfanin jirgi kuma 160. Ke nan babban batirin da mai ceto zai iya tashi da shi cikin sauƙi awa uku da ɗan wani abu zai riƙe farantin, kuma ana bukatar fiye da bakwai irinsa kafin a kai gobe war haka. Kilo ɗayan nan da aka yi talla ya zama kilo da yawa. Ba kowane batir ba ne ma zai tashe ta ta kafar USB-C, sai mai iya ba da wat 100 a kan bolt 20, kuma mummunan wuri ne bakin aiki a ce nan mutum zai fara gano haka. Farantin sola yana taimakawa, amma abin da aka rubuta a jikinsa na tsakar rana ne mai haske, ba na ranar hadari ko ƙarƙashin bishiya ba. Sanyi mai tsanani kuma yana rage wa batirin litiyam ƙarfi, shi ya sa masu aiki a ƙanƙara ke sa shi cikin riga kusa da jiki. A ɗaya gefen, ƙaramar inReach tana iya kai wa kusan mako biyu da caji ɗaya bisa ƙiyasin kamfaninta, tana aika wurin da take duk minti goma, idan sama a buɗe take. A sansani inda akwai mota ko janareto duk wannan lissafi ba ya tayar da hankali. A bayan mutum ne yake zama nauyi.

Akwai wani ɓarawon da ba a gani. Da zarar an kunna Wi-Fi a sansani, kowace waya da ta san kalmar sirri za ta ɗauka gida ta dawo: ta fara sabunta manhajoji, ta fara kwashe hotunan mako guda tana turawa ma'ajiya. A kan Starlink da wuya a lura. A kan BGAN ko Iridium, inda ake lissafin kuɗi da megabayit kuma hanyar ba ta da faɗi, wayoyi biyar sun isa su toshe layin, rahoton gaggawa ya tsaya a bayan hotunan da ba wanda ya nema. Maganin ba shi da wuya: kwamfuta ɗaya ko biyu kaɗai za a bari su hau matsattsen layi, a kashe musu duk wani sabuntawa, kalmar sirrin kuma ta zauna a hannun mutum guda.

Wani kuskuren da ake yi shi ne a zaci intanet a sansani yana nufin intanet a wurin masu bincike. Wi-Fi ɗin faranti bai wuce kewayen sansani ba, su kuwa suna iya yin nisan kilomita goma. Tsakanin tawaga da tawaga har yanzu oba-oba ce sarauniya: danna ɗaya, kowa ya ji a lokaci guda, babu kuɗin wata, babu wani kamfani a tsakani. Inda tudu ya tare, ana kafa na'urar maimaita murya a kan ƙololuwa. Abin da tauraron ɗan'adam ya ƙara shi ne ya haɗa wannan ƙaramar duniyar ta rediyo da ta waje, ya kuma zama mafita idan rediyon ya gaza.

Ƙasa da duk waɗannan akwai wata na'ura da ba intanet ba ce sam, amma ban ga dalilin da zai sa tawaga ta fita babu ita ba. Ita ce fitilar neman agaji ta tsarin Cospas-Sarsat, wanda Kanada da Faransa da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla a 1979, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Ceton farko da aka yi da shi a Satumban 1982 ne, mutum uku da ƙaramin jirginsu ya faɗi a lardin British Columbia na Kanada. Ana zare eriya, a danna maɓalli, sai ta riƙa aika kuka a kan megahaz 406 na aƙalla awa 24, kukan kuma yana zuwa ne kai-tsaye ga cibiyoyin ceto na gwamnatoci, ba a biyan kuɗin wata. Ba ta iya faɗin abin da ya faru, iyakarta ta ce ga ni nan, ina cikin haɗari. Tun Janairun 2020 taurarin Galileo na Turai suka ƙara mata abu guda mai sanyaya zuciya: sababbin na'urori suna kunna wata 'yar fitila da ke nuna an karɓi kukan. Masu ceto ma mutane ne, suna zamewa, igiya tana tsinkewa, ruwa yana tafiya da su. Wannan ta ranar da mai nema ya zama abin nema ce.

Wayar hannu ma ta fara shiga fagen. A Nuwamban 2022 Apple ta buɗe saƙon gaggawa ta taurarin Globalstar a kan iPhone 14, bayan guguwar Helene kuma, a Oktoban 2024, hukumar sadarwa ta Amurka ta ba SpaceX da kamfanin wayar salula na T-Mobile izinin wucin-gadi su aika saƙo daga tauraro kai-tsaye zuwa wayoyin yankin da abin ya shafa. Babbar riba a nan ta wanda ya ɓata ce, domin idan ya iya tura lambobin wurinsa, binciken kwana uku ya koma tafiyar awa uku. Ga tawaga kuwa ƙari ne kawai. Ba a kowace ƙasa yake aiki ba, yana so a tsaya a fili a nuna wa tauraro wayar, kuma batirin da ake ta haska hanya da duba taswira da shi tun safe ba abin jingina rai ba ne.

Masu wannan aiki suna da ƙa'idar hawa huɗu: hanyar farko, madadinta, ta ko-ta-kwana, da ta ƙarshe idan komai ya lalace. Abin da ake yawan mantawa shi ne dole kowane hawa ya kasance abin da zai kashe shi daban ne da na sauran. Faranti biyu na kamfani ɗaya ba hawa biyu ba ne. Ranar 24 ga Yulin 2025 Starlink ta ɗauke a faɗin duniya na kimanin awa biyu da rabi saboda matsalar manhaja a cibiyarta. Mai faranti goma da mai guda ɗaya duk zama suka yi. Ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta mamaye Yukren, harin kutse a kan hanyar KA-SAT ta Viasat ya kashe dubban na'urori a Turai, har injinan samar da wuta da iska kimanin 5,800 a Jamus suka rasa hanyar da ake lura da su daga nesa. Kuma kome nisan jifa ƙasa zai faɗo: duk saƙon da ya hau sama sai ya sauko a wata tashar ƙasa. Lokacin da dutse mai aman wuta ya fashe a Tonga ranar 15 ga Janairun 2022 ya tsinke igiyar ƙarƙashin teku, ƙasar ta yi kusan mako biyar kafin a gyara, kuma sai da aka kafa tashar ƙasa a Fiji kafin farantan Starlink da aka ba su su yi aiki. Yanzu taurarin suna miƙa wa juna saƙo da hasken leza, abin ya yi sauƙi, amma darasin bai tsufa ba. Haɗin da ya fi ma'ana shi ne a bambanta kamfani, a bambanta zango, a bambanta tsayi: faranti mai faɗin hanya a sansani, wata na'urar zangon L a gefensa, ƙaramar mai saƙon rubutu a jikin kowace tawaga, fitilar agaji a ƙasan jaka.

Ga masu tsallaka iyaka akwai shingen da ba na fasaha ba. Sararin sama ba shi da iyaka, amma izinin amfani da shi na kowace ƙasa ne. Indiya ta haramta shiga da wayoyin Thuraya da Iridium ba tare da izini ba, kuma an sha tsare matafiya a filayen jirginta saboda 'yar na'urar saƙo da ke cikin jakarsu. Starlink ba ta da lasisi a ƙasashe da dama. Domin irin wannan ne aka ƙulla yarjejeniyar Tampere a 1998, ta fara aiki a Janairun 2005, don a sassauta wa kayan sadarwar agaji wajen shiga ƙasar da bala'i ya faɗa wa. Sai dai ba kowace ƙasa ce ta shiga ba, kuma ko a wadda ta shiga, sai gwamnatinta ta nemi taimakon. Ƙungiyoyin da suka daɗe a harkar, irin Télécoms Sans Frontières ta Faransa da aka kafa a 1998, da rukunin sadarwar gaggawa da Hukumar Abinci ta Duniya ke jagoranta, rabin ƙwarewarsu a takardu take: jerin kaya da lambobinsu, wasiƙar izini, sanin wa za a kira a kwastan. Abin takaici ne ƙwarai a ce akwatin sadarwa yana kulle a filin jirgi alhali mutane suna ƙarƙashin ɓaraguzai ana ƙirga musu sa'o'i.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan fanni gorar tana da wuyar sha'ani, domin na'urorin nan suna lalacewa ne a zaune. Layin da aka dakatar don rage kuɗin wata yana iya bukatar intanet kafin a farfaɗo da shi, a wurin da aka je kuwa babu. Farantin da ya yi wata shida a kabad yana iya tashi ya ce sai ya sabunta manhajarsa tukuna. Batir yana zubar da caji a hankali, kebul guda yana ɓata, mutumin da ya san kalmar sirri yana iya yin tafiya. Tawagar da ta ɗauki abin da gaske takan ware rana a kowane wata ta fito da komai waje, kuma ba wanda ya fi iyawa ne zai kafa ba, sabon shiga za a miƙa wa, da safar hannu, da fitilar goshi, a duba agogo. A tura saƙo ta kowane hawa, a jira wanda ke can ya amsa cewa ya gani. Sannan a ɗauki ƙaramar na'urar a gangara da ita kwari mafi zurfi da ke yankin da tawagar ke aiki, a rubuta layi biyu, a ɗora ta a kan dutse, a rubuta minti nawa ta ɗauka kafin ta yi ƙara. Wannan adadin shi shugaban bincike zai riƙe a ransa daren da tawagarsa ta yi shiru a can ƙasa, yana yanke shawarar ko ya ƙara jira ko ya tura wasu su bi sawunsu.